Gwamna ya ƙara albashi, ni kuma ina faɗuwa a tenda: amsa ga mai kamfanin shara da gadi

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai kamfanin shara da gadi, ma'aikatansa 40. Ya ce shekara da shekaru yana samun aikin tsaftace asibitoci da ofisoshin gwamnatin jiharsu. Da gwamna ya sanar da sabon mafi ƙarancin albashi, ma'aikata suka taso shi gaba, ya ƙara musu, ya sa ƙarin cikin farashin da ya nema, sai ga shi sau biyu a jere an kayar da shi a tenda, wato gasar neman kwangila. Yana so ya san ko adadin da gwamna ya faɗa ya hau kansa a doka, da kuma yadda mai biyan albashin kirki zai yi takara da wanda ba ya biya.

Alhaji, sannu da fama. Na daɗe ina lissafin kuɗin ayyuka, na shirya wa 'yan kwangila takardu, na kuma zauna a teburin da ake tantance su, don haka zan ba ka amsar daga ɓangarorin biyu. Adadin da gwamna ya sanar bai hau kanka a doka ba. Wanda ya hau kanka shi ne Naira 70,000 na dokar tarayya, saboda ma'aikatanka sun haura 25. Abin da ke kayar da kai kuwa, a ganina, ba tsadar albashi ba ce ita kaɗai. Ana buɗe ambulan, a ba mai araha, ba wanda ya tambaye shi nawa zai ba mai tsintsiya a ƙarshen wata. Nan ne ciwon yake.

Mu fara da doka, domin nan mutane da yawa ke ruɗewa. A tsarin mulkin 1999, yanke mafi ƙarancin albashi na cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar jiha ba ta da hurumin cewa kowane kamfani a jihar ya biya kaza. A 2011 aka sa Naira 18,000, a watan Afrilun 2019 Buhari ya sa hannu kan 30,000, sannan bayan dogon ja-in-ja da yajin aikin 3 ga Yuni 2024, wanda ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka kashe wutar ƙasar baki ɗaya, Tinubu ya sa hannu kan 70,000 a ƙarshen watan Yuli na shekarar. Daga nan gwamnoni suka shiga sanar da nasu: Kano 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000, Legas da Ribas 85,000, Jigawa da Katsina suka tsaya kan 70,000. Waɗannan lambobin yarjejeniya ce tsakanin gwamna, a matsayinsa na mai ɗaukar ma'aikata, da ƙungiyar ƙwadagon jiharsa. Albashin ma'aikacinsa ne na matakin farko. Mai gadinka ba zai kai ka Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ya ce ka biya shi adadin gwamna ba. Amma idan kana ba shi ƙasa da 70,000, zai iya kai ka, kuma doka ta ce ka biya ariyas ɗin da ya taru, da tara a kai.

Akwai waɗanda dokar ta keɓe, kuma ka riƙe wannan da kyau domin shi ne rabin labarinka. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta hau kan masu aikin ɗan lokaci a mako ba, da waɗanda ake biya da kamasho ko jinga, da masu aikin gona na damina. Kafin 2019 iyakar mutum 50 ce, aka sauko da ita zuwa 25. Ma'ana, da a tsohon tsari ne, kai mai mutum 40 da kana waje. Yanzu kana ciki, maƙwabcinka mai mutum 24 yana waje, kuma ku biyun kuna jefa ambulan cikin akwati ɗaya.

To in adadin gwamna bai hau kanka ba, me ya sa ya dame ka? Saboda a yawancin jihohinmu gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata masu albashin wata, duk abin da ta biya shi ke zama ma'auni. Matar da ke share ɗakin haihuwa da rigar kamfaninka, kafaɗa da kafaɗa take aiki da wata mai sharar da ke kan takardar albashin ma'aikatar lafiya. Tsintsiya iri ɗaya, jini iri ɗaya suke gogewa. Ranar da wayar waccan ta yi ƙara da sabon albashi, taka ta ji kafin azahar. Ba ta buƙatar lauya ta gane an bar ta a baya. Ga kuma abin da ya faru da kasuwa tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka saki Naira: litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar. Mai shara da ke hawa A Daidaita Sahu sau biyu kafin ta iso wurin aiki, tsohon albashi a kuɗin mota yake ƙarewa. Ko doka ta yi shiru, ba ka da yadda za ka riƙe ta a kan 30,000.

Yanzu lissafi. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗan kwangila ya ɗauka ma'aikaci mai 70,000 yana cin masa 70,000. Ba haka ba ne. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora maka kashi 10 cikin 100, shi ma'aikaci a cire masa 8. Idan aka lissafa a kan albashin gaba ɗaya, 7,000 ke nan daga aljihunka. NSITF, asusun diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, kashi 1 ne, wato 700. ITF, asusun horas da ma'aikata, shi ma kashi 1, wata 700. Kafin ka ɗinka masa yunifom, ka saya masa takalmi da safar hannu, ka biya inshorar rai da dokar fansho ta wajabta, ya riga ya kai 78,400. A zamanin 30,000 wannan lissafin 33,600 yake bayarwa. Bambancin 44,800 ne a kan mutum ɗaya. Ka ninka sau 40: Naira 1,792,000 kowane wata, sama da miliyan 21 da rabi a shekara. Kuma wannan idan kowa a ƙasan tsani yake. Sufabaizan da kake ba 60,000 lokacin da na ƙasansa ke karɓar 30,000, ba za ka bar shi a 70,000 daidai da yaransa ba. Gwamnati ma abin da ya fi ba ta wuya ke nan, gyaran albashin na sama, ba na matakin farko ba. Sannan gadi ba ya hutun Juma'a ko Lahadi. Ƙofa ɗaya mai buƙatar tsaro dare da rana tana cin mutum fiye da biyu idan za a ba kowa hutunsa, kuma na sha ganin tenda da aka manta da mai canji, wato mai karɓar aiki idan wani ya tafi hutu, kwata-kwata.

Nauyin ba ɗaya ba ne ga kowane ɗan kwangila, shi ya sa za ka ji abokinka mai aikin kwalbati yana cewa shi bai ga abin kuka ba. Ka ɗauki aikin Naira 100. Idan 70 daga ciki kuɗin ma'aikata ne, kamar yadda shara da gadi suke kusan kasancewa, ƙarin daga 30,000 zuwa 70,000 zai mai da 70 ɗin nan 163, aikin ya koma 193. Idan kuwa 15 ne kawai kuɗin ma'aikata, sauran siminti da rodi da dizal, aikin 120 zai koma. Ga shi birkila da kafinta da lebura yawanci kullum ake sallamarsu ko jinga ake yi da su, farashinsu kasuwa ke yanke shi, ba dokar albashi ba. Mai kawo kujeru ko littattafai shi canjin dala ne ciwon kansa. Ku masu sayar da ƙarfin mutum, shara, gadi, girkin makarantun kwana, wanki a asibiti, kwashe bola, ku ne dokar ta faɗa wa a ka.

Su wa kake takara da su? Iri uku ne. Akwai ƙaramin da bai kai 25 ba, wanda doka ta sake shi, yana biyan abin da suka daidaita da ma'aikacinsa, bai karya komai ba. Akwai babban kamfani mai rassa a jihohi, wanda ke biyan cikakken albashi amma yana da injin goge daɓe da ke aikin mutum da yawa, yana sayen sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta a sari, banki na ba shi bashi cikin sauƙi, kuma yana iya ɗaukar asarar shekara guda don ya shiga jiha. Sai na uku, wanda shi ne ainihin mai kayar da kai: yana da mutum 60 a fili amma 10 ne a takarda, ko kuma ya raba kamfani uku, ɗaya da sunansa, ɗaya na uwargida, ɗaya na ƙaninsa, kowanne da mutum 20. Idan yana ba mutum 40 Naira 35,000 ba fansho ba komai, kuɗin ma'aikatansa 1,400,000 ne a wata, naka 3,136,000. Ratar da ke tsakaninku ta haura miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai tun ba a zo maganar riba ba. Ba wata dabarar sayen tsintsiya da za ta cike wannan ramin. Kamfani matsakaici mai bin doka shi ke tsaka mai wuya: ya yi girman da doka za ta kama shi, bai yi girman da jari zai cece shi ba.

Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan bayar da kwangila, ba ta ce a ba mai araha kawai ba. Ta ce a ba wanda ya fi araha cikin waɗanda aka tantance aka ga sun cika sharuɗɗa. Wannan dokar ayyukan tarayya ta shafa, da waɗanda aƙalla kashi 35 na kuɗinsu daga tarayya ya fito. Jihohi kusan kowacce da tata, irin ta Kaduna ta 2016 da ta kafa hukumar kwangila ta KADPPA, ko ofishin bin ƙa'ida na Jigawa da ya daɗe yana aiki, amma yawancinsu a kan ta tarayya aka ɗora su, kuma wannan jimlar tana ciki. Komai ya rataya a kan "cika sharuɗɗa". Idan takardar tenda ta ce dole albashin kowane ma'aikaci ya kai na doka, kuma a nuna shi layi-layi, to mai 35,000 ya faɗi tun a zagayen farko. Idan ba ta faɗa ba, kwamiti ba shi da madafa, ko yana da ita ba ya son ya kama.

Na taɓa zama a irin wannan kwamitin a wata ma'aikata. Aikin gadi ne. Na ɗauki farashin wanda ya fi kowa araha, na raba da yawan masu gadin da aka ce ya kawo, na raba da wata 12. Abin da ya fito bai kai mafi ƙarancin albashin wancan lokacin ba, ko da a ce mutumin ba zai ci riba ko ta kwabo ba, ba zai sayi tocila ba, ba zai biya haraji ba. Na nuna wa shugaban kwamiti. Ya duba, ya ce, "Malam, mu farashi aka ce mu duba, albashin yaransa tsakaninsa da su ne." Aka ba shi. Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya san harkar: rabin mutanen da aka rubuta ne ke zuwa, dattawa ne masu gyangyaɗi a benci, kafin shekara ta zagayo an sace batiran sola. Ba na cewa shugaban mugu ne. Tsoro yake ji. Idan ya tsallake mai araha ya ba na biyu, shi mai binciken kuɗi zai tsare da tambaya, ba wanda zai tsare shi don mai gadi ya kwana da yunwa.

Za ka ce ai ana neman satifiket na hukumar fansho PenCom da NSITF da ITF da shaidar biyan haraji. A ayyukan tarayya ana nema, jihohi da dama ma sun ɗauka. Amma satifiket yana nuna ka biya a kan mutanen da ka bayyana ne, ba ya nuna mutanen da ke filin aiki. Wanda ya rubuta mutum 10 yana da takarda mai tambari iri ɗaya da taka, kuma ya same ta da rubu'in kuɗin da ka kashe. Da kwamiti zai ɗora yawan sunayen da ke jadawalin fansho a kan yawan ma'aikatan da kamfanin ya ce ya yi aiki da su bara, da rabin cuwa-cuwar ta mutu a rana ɗaya. Aikin minti goma ne. Ba kasafai na ga an yi ba.

Akwai wata ƙofar da ƙarin albashin gwamna ke shigo maka, wadda ba ka ambata ba amma na tabbata ka ji ta a jikinka: biya. Baitulmalin da ke biyan albashi shi ne ke biyan baucanka. Gaskiya ne kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafi, amma ka tuna gwamnonin nan su ne suka fito a watan Yunin 2024 suka ce ko 60,000 ba za su iya ɗorewa da shi ba. Idan wata ya yi ƙunci, Akanta Janar ya san wanda zai fara sallama. Ma'aikata suna da ƙungiya, suna iya rufe sakatariya da kwaɗo. Malaman firamare na Abuja sun yi sama da wata uku a gida a 2025 kan wannan albashin. Ɗan kwangila ba ya yajin aiki, sai dai ya yi ta sintiri ofis-ofis da fayil a hammata. Dokar tarayya ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya ya zama jinkiri, kuma akwai ƙarin da za a ɗora bisa abin da aka rubuta a yarjejeniya. Ka duba taka, sau da yawa gurbin a fayau yake. Kai kuwa ba za ka ce wa mai shara ta jira Akanta Janar ba. Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, a lokacin bankunan kasuwa suna ba irinku bashi a wajen kashi 30. A kan haka, kowace miliyan ɗaya da aka riƙe maka wata shida ta ci 150,000. Ko bankin da ba ya ta'ammali da ruwa ka je, akwai ribarsa a kan cinikin. Da kuɗin ma'aikatanka ya ninka fiye da biyu, jarin da kake buƙata don jure jinkiri shi ma ya ninka. Na ga kamfanonin da ba faɗuwa a tenda ta kashe su ba, cin tenda ne ya kashe su. Kuɗin kafin alƙalami, wato kason da ake ba ɗan kwangila kafin ya fara aiki, wanda dokar tarayya ta fara da kashi 15 aka ɗaga zuwa 30 ga 'yan gida, masu gini ne ke ganinsa, a aikin wata-wata irin naka da wuya a ba ka.

Wani abin da ya kamata ka lura da shi, domin yana da daɗi da ɗaci: duk lokacin da albashin gwamnati ya hau, sha'awar ma'aikatu ta miƙa ƙananan ayyuka ga kamfanoni tana ƙaruwa. Tarayya ta fara wannan tun sauye-sauyen zamanin Obasanjo a 2003, aka daina ɗaukar masu shara da gadi da direbobi yadda aka saba, aka koma haya daga waje. Kasuwarka ke nan take faɗaɗa. Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa babban sakatare ya fi son ya ba ka aikin. Sau da yawa don yana sa ran za ka yi shi ƙasa da abin da doka za ta tilasta masa biya da kansa. Gwamnati ta ɗaga albashi da hannun dama a gaban 'yan jarida, ta sayi ƙwadago mai araha da hannun hagu ta hanyar ɗan kwangila. In an zo kamawa kuma sunanka ne a takarda.

Wannan rigimar ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka jihohi suna da ikon yanke nasu albashin da ya hau kan kowane kamfani. Na tarayya yana kan dala 7.25 a awa tun 2009, California kuwa ta kai dala 16 a 2024. Tun a shekarun 1920 wani ɗan kwangila daga Alabama ya ci aikin ginin asibitin tsoffin sojoji a jihar New York da leburori masu araha da ya kwaso daga kudu, 'yan kwangilar yankin suka yi ca, daga nan aka samu dokar Davis-Bacon ta 1931: duk mai ginin gwamnatin tarayya sai ya biya albashin da aka saba biya a yankin da aikin yake. Masu sukar dokar har yau suna cewa akwai ƙyamar leburori baƙaƙen fata a asalinta, wasu kuma suna cewa tana ƙara wa gwamnati tsada, kuma duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Amma dabarar da ke cikinta ita nake so ka gani: an cire albashi daga abin da ake gasa a kansa, sai a yi gasa a kan iya aiki. Birnin Baltimore ya yi makamancin haka a 1994 ga kamfanonin da ke yi masa hidima. A nan arewa ratar da ke tsakanin 70,000 da 72,000 ba za ta sa kowa tsallaka iyakar jiha ba. Tamu ratar tsakanin mai rubuta ma'aikatansa ne da mai ɓoye su.

Me za ka yi? Kada ka sauke farashi ƙasa da lissafinka don ka ci. Wanda ya yi haka ɗayan biyu ne, ko ya danne haƙƙin ma'aikaci, ko ya ci uwar kuɗinsa. Kuma kada ka raba kamfani don ka sauka ƙasa da 25. Ban da maganar doka da haƙƙi, kana yanka tarihin aikinka da jujjuyawar kuɗinka gida uku, su ne kuwa abin da ake dubawa a babban aiki.

Yaƙinka kafin ranar buɗe ambulan yake. Kowace tenda tana da lokacin neman ƙarin bayani. Ka rubuta wasiƙa, ba waya ba, ka tambaya: shin ana buƙatar farashi ya ƙunshi mafi ƙarancin albashi na 2024 da fansho da NSITF? Mutum nawa ake so a kowane canji? A ƙa'ida amsar da za a ba ka sai an aika wa duk masu nema. Ba jami'in da zai sa hannu a kan cewa ba a buƙatar bin dokar albashi. Da zarar ya rubuta "ana buƙata", ta zama sharaɗi, kuma ka samu abin riƙewa. Sannan ka miƙa farashinka a warware ko ba a nema ba: albashi kaza, fansho kaza, mai canji kaza, kayan aiki kaza, riba kaza. Kana sauƙaƙa wa mutumin kirkin da ke cikin kwamiti, domin kusan kullum akwai ɗaya, ya samu hujjar da zai kare kansa da ita gaban mai bincike.

Idan an buɗe aka ba wanda lissafinsa ba ya yiwuwa, akwai hanyar ƙorafi. A dokar tarayya kana da kwanakin aiki 15 ka rubuta wa shugaban ma'aikatar, in bai gamsar da kai ba ka wuce BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya. Ka nemi dokar jiharku ka ga nata wa'adin, domin in ya wuce ya wuce. Na san abin da ke ranka: mai ƙorafi ba ya sake ganin aiki. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa nake ganin wannan maganar ta fi ƙarfi idan ƙungiya ce ta ɗauke ta. Ku masu shara da gadi da ke biyan fansho ku haɗu, ku bi ta cibiyar 'yan kasuwa ta jiharku, ku nemi ofishin kwangila ya sa layi biyu a takardar tenda ta dindindin: ƙasan albashin da ba a sauka, da jadawalin fansho na watannin baya. A wannan gaɓar reshen NLC na jiha abokin tafiyarku ne, ko da a teburin albashi kuna hararar juna. Ku kuma nemi a riƙa raba manyan ayyuka kashi-kashi, asibiti ɗaya ko shiyya ɗaya, maimakon a dunƙule jiha guda a ba wanda ya fi kowa jari.

A cikin gida kuma akwai abin gyara. Idan takardar ta ce a tsaftace wuri ne, ba ta ƙayyade kawuna ba, mutum 30 masu cikakken albashi da injin goge daɓe biyu suna iya fin 40 masu tsintsiya, kuma ba sa gudu bayan wata uku ka koma horas da sababbi. Ka kuma rage dogaro da gwamnati. Bankuna, asibitocin kuɗi, makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suna biya a kan lokaci, wasunsu ma su ke neman ganin takardar albashin ma'aikatanka kafin su sa hannu. A wurinsu abin da ke kayar da kai a sakatariya shi ne abin tallarka.

Sai yarjejeniyar da ke hannunka da wadda za ka sa wa hannu nan gaba. Idan kana da tsohon aiki da aka yi farashinsa a kan 30,000, ka karanta ko akwai sashen da ya yi maganar canjin doka ko sauyin farashi. In akwai, ka rubuta neman gyara da lissafi layi-layi, ka nemi bambancin albashi da abin da ke rataye da shi kawai, kada ka cusa riba a ciki, an fi saurin amincewa. In babu, roƙo ne ba haƙƙi ba, kuma kada ka ci gaba da aiki a kan "za a duba" na baki. Gyaran 2024 ya rage wa'adin sake duba albashi daga shekara 5 zuwa 3, wato 2027 za a koma teburi, wasu gwamnonin ma ba su jira ba, Imo ta kai 104,000 tun a 2025. Duk aikin shekara biyu ko uku da za ka karɓa yanzu zai iske wannan ƙarin a hanya. Ka tabbata an rubuta a ciki cewa idan dokar albashi ta canja, sashen kuɗin ma'aikata zai canja daidai da ita daga ranar da ta fara aiki, kuma a cike gurbin nan na jinkirin biya da lamba kafin ka ɗora biro.